Sun Yanke Wa Adda Maryama "Wai" Ɗinta

Da hantsi labarin ya same ni, ina ɗakin awo a ƙaramin asibitinmu na Figil, hannuna a kan cikin wata mata. Wayata ta yi ƙara a aljihu, ban duba ba sai da na sallame ta. Saƙo ne a gurup ɗin tsofaffin ma'aikatan asibitin haihuwa na unguwarmu ta Garwa: hoton Adda Maryama da farin mayafinta, a ƙasa an rubuta cewa Allah ya yi mata rasuwa, za a yi jana'iza bayan azahar. Na zauna a kan bencin masu jira. Na san ta daɗe tana fama da hawan jini, na san ɓarin jikinta ya taɓu, amma ban taɓa shirya wa ranar ba.

Ban gama share hawaye ba wani saƙo ya biyo baya, daga wani gurup ɗin daban. Hoton nan ne dai, amma an haɗa shi da saƙon murya, an rubuta: "Allah ya jiƙan ungozomar da ta faɗi gaskiya a kan allurar korona." Ban buɗe ba, na san abin da ke ciki. Ko wanka ba a yi mata ba, an riga an sake fito da muryarta ana yawo da ita, tana faɗin abin da ta ƙare kwanakinta tana rantsuwa ba ta faɗa ba. Baƙin cikin wannan ya fi na mutuwar ci mini rai, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Ni na riƙe wayar ranar da aka ɗauki muryar nan, na san abin da ta ce tun daga farko har ƙarshe.

Sunana Rifkatu. Iyayena daga kan duwatsu suka sauko neman gona, suka zauna a wani ƙauye kusa da Bibemi, a nan na tashi. Hausata ta kasuwa ce, wadda muke sayar da gyaɗa da ita. Da aka turo ni Garwa koyon aikin ungozoma, a hannun Adda Maryama aka damƙa ni. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "'Yar dutse, kin ci abinci?" Na ce na ci. Ta ce, "Ƙarya kike, bakinki ya bushe," ta tura mini kwanon da ta zo da shi daga gida. Ita Musulma ce mai riƙon addini, ni Kirista ce, kuma tsawon shekarun da muka yi tare ban taɓa yin aikin safiyar Lahadi ba, ita ma ba ta taɓa yin na yinin Juma'a ba. Ba mu taɓa zama mun tsara hakan ba, haka kawai ta riƙa rubuta jerin aiki.

Ba mace ce mai taushin baki ba, kada wani ya yi mata ƙarya don ta mutu. Tana da faɗa. Ta taɓa korar wani attajiri daga baranda saboda ya ɗaga wa matarsa murya tana naƙuda, ta ce ya je ya yi ihun a shagonsa. Ta taɓa sa ni na sake wanke almakashi har sai da yatsuna suka yi fari, tana tsaye a kaina. Amma idan jariri ya fito bai yi kuka ba, sai ka ga matar nan ta zama wata daban, ba ta ji ba ta gani sai ta dawo da shi. In ya koma, ita ce ke zuwa ta gaya wa uwar da bakinta, ba ta taɓa aika ƙaramar ma'aikaciya ba. Takan ce, "Wadda ta karɓi barka ita za ta kai mugun labari." Rabin samarin da ke tuƙa moto, wato babur ɗin haya, a unguwar nan ita ta yanke musu cibiya, shi ya sa ba ta cika tsayawa a bakin titi ta daɗe ba.

Akwai wata hanya tata ta magana da mata wadda duk wanda ya yi aiki da ita ya sani. Idan mace ta zo da tsoro a ranta ta kasa faɗa, Adda ba ta cewa "kada ki ji tsoro." Sai ta faɗi tsoron da kanta, dalla-dalla, yadda ake faɗinsa a gidan suna da bakin rijiya, amma ta sa masa "wai" a gaba. Ta ja kalmar, ta karkata kai, ta ɗan lumshe ido: "Waaai in aka yi wa mace aiki sau ɗaya shi ke nan ba ta ƙara haihuwa." Matar sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, don an taɓo inda ke mata ƙaiƙayi. Daga nan Adda za ta warware mata zancen a hankali. Na taɓa tambayar ta me ya sa take maimaita shirmen mutane. Ta ce, "Rifkatu, in ba ki faɗi tsoron mace da bakinki ba, ba za ta yarda kin san shi ba. In ba ta yarda kin san shi ba, me zai sa ta saurari maganinki?" A wurinta na gane nauyin kalmar nan. Mu da muka koyi Hausa a kasuwa muna jin "wai" kamar ƙaramin abu ne, ashe ita ke raba maganar mutum da maganar da ya tsinto.

Sai ga shekarun korona. Da aka ce allurar rigakafi ta iso, saƙonni suka riƙa sauko mana daga sama a kafafen sada zumunta, da Faransanci, da hotunan manya sun naɗe hannun riga suna murmushi. Aka ce mu tura wa jama'a. Muka tura. Abin da ya dawo mana ba ya faɗuwa. Wasu suka ce ruwa aka yi wa manyan, tamu ce mai dafin. Wasu suka ce ina aka taɓa ba talaka abu kyauta in ba da wata manufa ba, ga zazzaɓin cizon sauro na kwashe yara ba a kawo komai da gudu haka ba. Wannan tambayar ta ƙarshe ko Adda ba ta da amsarta, kuma ba ta yi kamar tana da ita ba. Amma maganar da ta fi kowace yaɗuwa a tsakanin mata ita ce allurar tana kashe mahaifa. Mata suka fara gudun asibiti gaba ɗaya. Awon ciki ya ragu, masu kawo jarirai rigakafin da aka saba tun kaka da kakanni suka ɗauke ƙafa, suna tsoron kada a shammace su.

Adda ta fara naɗe nata hannun a gaban matan da suka rage, aka yi mata. Sannan ta ce da ni, "Takardun nan na Faransanci ba matanmu aka rubuta wa ba. Matanmu kunne gare su. Kawo wayarki." Muka zauna a gindin dalbejiyar da ke bayan ɗakin haihuwa, da rana tsaka, zafin Garwa na dukan ƙasa. Ba ta rubuta komai ba. Ta yi sallama, ta faɗi sunanta da aikinta, ta ce duk wadda ta haihu a hannunta ta san muryar nan. Sai ta yi abin da ta saba. Ta ce, "Waaai allurar nan tana kashe mahaifa. Duk macen da aka yi wa ta gama haihuwa. An kawo ta ne don a rage mu, kuma mu ma'aikatan asibiti mun sani, an hana mu faɗa." Sai ta yi 'yar dariyar nan tata ta cikin hanci. Ta ce, "To, 'yan'uwana, wannan ƙarya ce. Ni aka fara yi wa. An yi wa 'yata Asma'u, ga ta nan da ciki. Da na san da cuta a ciki, da hannun da na karɓi 'ya'yanku ba zan miƙa muku ita ba." Ta ci gaba da bayani a kan ɗan zazzaɓin da kan biyo baya da ciwon dantse, ta roƙi mata su dawo awo ko da ba za su karɓi ta korona ba, ta ce ba wanda za a yi wa dole. Muka tura. Na koma gida ranar ina jin mun yi abin kirki.

Ba a yi mako ba wata 'yar'uwarta da ke aure a Kuseri ta kira ta tana salati, ta ce, "Adda, me ya kai ki? Za su kama ki!" Ta turo mana abin da ta ji. Muryar Adda ce, ba shakka. Ga sallamar, ga sunanta, ga aikinta. Daga nan sai: "Allurar nan tana kashe mahaifa. Duk macen da aka yi wa ta gama haihuwa. An kawo ta ne don a rage mu, kuma mu ma'aikatan asibiti mun sani, an hana mu faɗa." Shi ke nan, ya ƙare. Wani ya zauna da hankalinsa, ya datse "wai" daga gaba, ya datse dariyar da duk abin da ya biyo ta daga baya. Na kalli fuskar Adda tana saurare. Ta sa aka maimaita, sannan ta ce a hankali, "Sun cire mini wai." Har yau ba mu san wanda ya yi ba. Na daina fatan sani, domin ban yarda da abin da zan yi masa ba.

Namu saƙon dogo ne, yana cin kuɗin waya, sai mai haƙuri. Nasu gajere ne, kafin ka ajiye kofin shayi ya ƙare. Ya haye Kuseri, ya dawo ta Figil, ya shiga ƙauyukan Bibemi, har wata ƙanwar mahaifiyata ta kunna mini shi a gidanmu tana cewa in yi hankali da aikin nan. Aka juya shi da Fulatanci, aka sa masa kiɗan tausayi a ƙasa. Mutanen da suka yi ta zagin saƙonnin hukuma suna cewa ba za su yarda da abin da ke cikin waya ba, su ne suka rungumi wannan hannu bibbiyu, don ya faɗi abin da suke so su ji, kuma da muryar da suka amince da ita. Amanar da Adda ta tara a ɗakin haihuwa tun tana budurwa, ita aka ɗauka aka yaƙe ta da ita.

Abin da ya fi yi mata ciwo ba zagi ba ne. Wata rana muna kasuwa tana tayin kifi, mai kifin ta kama hannunta ta ce, "Useko, na gode, Adda, Allah ya biya ki. Saboda ke na hana 'ya'yana mata zuwa lopital, asibitin nan naku." Ta ƙara mata kifi a kan wanda ta saya. Adda ta tsaya a tsakiyar kasuwa tana rantse-rantse, tana laluben waya a jaka don ta kunna mata cikakken. Matar ta yi murmushi ta ɗan matse mata hannu, ta ce, "Na gane, Adda. Dole ki ce haka a gaban mutane." Muka taho, kifin na hannuna. Da muka iso gida, a ƙofa ta ce in kai wa maƙwabta, ba za ta iya ci ba.

Daga ofis kuma aka kira ta. Shef ɗinmu, wato shugabanmu na lokacin, ba ya jin Hausa, gajeren aka fassara masa. Muka kai masa cikakken, muka yi bayani. Ya gyaɗa kai, ya ce ya fahimta, amma maganar ta riga ta kai sama, kuma wa ya ba ta izinin yin saƙo ba tare da an duba ba? Ya ce da ta karanta abin da aka rubuto kawai da ba a kai nan ba. Aka ɗauke ta daga ɗakin haihuwa "kafin ƙura ta lafa," aka ajiye ta a ɗakin ajiyar kaya tana ƙirga auduga da safar hannu. Ba wanda ya fito a rediyo ko a waya ya ce matar nan an yi mata sharri. Waɗanda suka iya buga hotunan manya da launi bakwai sun kasa rubuta layi ɗaya don wanke ta. Ina faɗa ne yau don suna cikin waɗanda suka zo gaisuwa da manyan motoci.

Ba ta zauna ba. Ta bi gidajen suna da na biki da wayarta, tana roƙon mata su saurara har ƙarshe. Waɗanda suka saurara suka kasu biyu, kuma duka biyun suka juya mata baya. Masu gudun allurar suka ce an saye ta, ta janye gaskiyar da ta faɗa. Masu karɓar allurar, 'yan boko, suka ce ita ta jawo, tsohuwa da surutu, wa ya aike ta. Akwai matan da suka dawo awo saboda ita, ban manta da su ba, Allah ya san su. Amma ba su da yawa, kuma ba su da baki a waya. Ƙurar ba ta lafa ba har ta ajiye aiki.

Bayan an mayar da ni Figil nakan je duba ta. Zuwana na ƙarshe na same ta a tsakar gida, jikarta, 'yar Asma'un nan da aka ce ba za a haifa ba, tana wasa da carbinta. Bakinta ya ɗan karkace, magana na fita da ƙyar. Wata maƙwabciya ta shigo da ƙaramar yarinya mai cikin fari, ta ce yarinyar na tsoron haihuwa, Adda ta yi mata magana. Na gyara zama ina jiran in ji ta ja kalmar nan tata. Ta buɗe baki, sai idonta ya sauka a kan wayar da ke hannun yarinyar. Ta rufe bakin. Can ta ce, "Ki je asibiti, za su duba ki." Da suka fita ta ce da ni, "'Yar dutse, yanzu tsoron bakina nake ji." Na yi kuka a mota tun daga Garwa har Figil, fasinjoji na ba ni haƙuri ba su san dalili ba.

A zaman makoki na ji abin da kunnena bai so ba. A gefe ɗaya na tabarma ana raɗa cewa allurar da ta yarda aka yi mata ce ta shanye mata jiki. A ɗaya gefen ana cewa kashe ta aka yi a hankali don ta tona asiri. Wata baiwar Allah ta faɗi duka biyun a zama ɗaya, ba ta ji sun ci karo ba. Hawan jinin da Adda ta gada daga mahaifiyarta, wanda take shan maganinsa tun kafin a san sunan korona, ba wanda ya ambata. Asma'u ta tashi tsaye, idonta jawur, ta ce, "Don girman Allah, duk mai muryar Dada, uwata, a wayarta ta goge. Ba ta faɗa ba. Ga 'yata nan, ku dube ta." Aka ce Allah ya ba da haƙuri, zafin rashi ne. Ban ga hannu ɗaya ya shiga jaka ba.

Na dawo bakin aiki bayan addu'ar bakwai. A ranar wata yarinya ta zo awo, matar wani direban motar siminti, cikinta ya fito sosai. Na ɗauko allurar masu ciki, wadda ke kare jariri daga ciwon nan da ke shiga ta cibiya ya sandarar da shi har ya kasa kama nono. Ba ta korona ba ce, tsohuwar allura ce, Adda ta yi wa uwayen waɗannan yaran ita. Yarinyar ta janye hannu ta ce, "Madam, ban da vaksen. Ungozomar Garwa da ta rasu ta faɗa, mijina ya ce kada in yarda." Na ce, "Ita ta koya mini aiki. Zauna ki ji abin da ta ce." Na kunna mata cikakken, tun daga sallama. Muryar Adda ta cika ɗakin, da "wai" ɗinta, da dariyarta, da roƙonta. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, da ladabi. Sannan ta ɗaura ɗankwalinta ta ce, "Madam, wannan ai montaj ne. Haɗa shi aka yi. Na gaskiyar gajere ne, kowa yana da shi." Ta ɗauki katinta ta fita. Ban san inda za ta haihu ba, ban san da me za a yanke cibiyar ba.

Ku da kuka zo gaisuwa, ku da kuka rubuta "Allah ya jiƙanta" a ƙarƙashin muryar da aka datse, ban roƙe ku ku yarda da wata allura ba. Wannan tsakaninku ne da hankalinku. Amma matar nan ta karɓe ku da hannunta ranar da kuka zo duniya ba ku da ko zane, kuma duk sanda ɗayanku ya danna tura, ƙarya yake sa wa a bakin wadda ba ta da ikon tashi ta kare kanta.

Ni ba addininmu ɗaya da ita ba, amma a gabanta na koyi yadda ake roƙa wa mamaci, kuma da kalmominta zan roƙa mata. Allah ya gafarta wa Adda Maryama, ya yi mata rahama, ya yalwata mata makwanci, ya sanyaya shi. Kukan farko na kowane jaririn da ta dawo da numfashinsa, Allah ya sa ya zama shaida a gare ta. Allah ya ba Asma'u da 'yan'uwanta da mahaifinsu juriyar wannan rashi, da juriyar jin muryarta a wayoyin mutane, ya raya jikokinta cikin lafiya. Yarinyar nan ta Figil, Allah ya sauke ta lafiya, ya tsare abin da ke cikinta, kada a rubuta wa Adda abin da ba ta da hannu a ciki. Mutane sun ji tsakiyar maganarta sun yanke mata hukunci. Ya Allah, kai ka ji ta tun daga "wai" har ƙarshe, ka yi mata sakayya da abin da ta faɗa. Amin.